Dattin da ba shi da bututu

Da an ce kogi ya gurɓace abin da ke fara zuwa ran mutane leda ce da robobi suna yawo a saman ruwa, sai a tara matasa a kwashe a ɗau hoto a sa a Facebook. Ba laifi, a kwashe ɗin, amma ni wallahi abin da ido ba ya gani shi ya fi tayar min da hankali. Ruwa zai yi garau kamar ka ɗiba ka sha alhali oksijin ɗin cikinsa ya kusa ƙarewa, kifi na can suna shaƙewa.

In dattin ta bututu yake shiga, daga masana'anta ko magudanar bahaya, da sauƙi, ka san inda yake, a ɗebi ruwan bakin bututun a kai a auna, wanda ya wuce ƙa'ida a ci shi tara. Kogin Temz na Landan a 1957 an ce ya mutu murus, aka gyara tashoshin tace ruwan bahaya, yau kifi sun dawo. A Amurka kogin Kuyahoga har wuta ya kama a 1969 saboda man da ke kwance a kansa, a 1972 aka yi dokar da ta hana zuba datti ta bututu sai da lasisi.

To wanda ba shi da bututu fa? Ruwan sama ya sauko ya wanke takin zamani daga dubban gonaki, sinadaran cikin takin, wato naitirojin da fosfaras, su gangara kogi, gansakuka ta samu abinci ta rufe ruwa, in ta mutu bakteriyar da ke ruɓar da ita su shanye oksijin kaf. Wa za ka kama? Haka Misisifi ke kwaso takin gonaki yana juyewa a Tekun Meziko, duk shekara lokacin zafi sai an samu makeken wuri da kifi ke gudu su bar shi.

Nan dole sai an zauna da manomi, a gwada masa ƙasa ya san iya takin da take buƙata, kar ya watsa ana gobe za a yi ruwa mai ƙarfi, a bar ciyawa da bishiyoyi a gefen kogi su tare abin da ke gangarowa, dabbobi a yi musu mashaya nesa da gaɓa. Kuma masu awon ruwan kogi don Allah ku daina zuwa sai ranar da gari ya yi wasai, ku zo bayan an ɗauke ruwa, ku ɗiba a sama da gonakin ku ɗiba a ƙasansu ku kwatanta.