Abin da za ka bincika kafin ka biya kuɗin shafin neman masu sayar da gida

Mai zuba jari a harkar gidaje ba gida yake farauta a intanet ba, mai gida yake farauta: wanda ya gaji gida a garin da ba ya zaune, wanda bashi ya sha kansa, wanda 'yan haya suka ishe shi, wanda gininsa ke buƙatar gyaran da ya fi ƙarfin aljihunsa. Irin waɗannan ba sa son jiran wata da watanni a hannun dillali. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da shafin da aka riga aka tsara, kana biya duk wata, masu son sayarwa suna cika fom su bar maka lamba. Carrot na cikin waɗanda suka yi suna da wannan a Amurka, wasu masu jarin kuma sukan ɗauki mai gina shafi ya haɗa musu nasu a WordPress, manhajar gina shafukan intanet. Ko wanne ka ɗauka, kyan shafin shi ne abu na ƙarshe da za ka duba.

Fara da tambayar sunan wa ke kan rajistar adireshin shafin. Idan kamfanin ne ya yi rajistar da sunansa, to gini kake yi a filin aro. Duk shekarun da Google ya ɗauka yana sabawa da adireshin, duk katin da ka buga da shi, suna hannun wani ranar da kuka ɓata. Ka yi rajistar da kanka, da imel ɗinka, sannan ka haɗa adireshin da shafin nasu. Wanda kuma ya riga ya bari suka yi masa, ya nemi lambar izinin sauya mai rajista tun ana shiri da juna. A ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da adireshin shafukan intanet, sabon adireshi irin na .com ba ya sauya kamfanin rajista sai ya cika kwana 60, don haka ba abin da ake yi cikin gaggawa ba ne. Ka kuma sa su rubuta maka cewa za ka iya sauke duk bayanan mutanen da suka tuntuɓe ka a fayil ɗin CSV, wato jadawalin da ake iya buɗewa a Excel, da rubutun shafukanka, duk lokacin da ka so.

Sai rubutun da ke cikin shafin, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Yawancin kamfanonin rubutu ɗaya suke ba kowa, sunan gari kawai ake canzawa. Gwajin ba wuya: kwafi jimla ɗaya daga shafin da suka nuna maka, ka sa ta tsakanin alamun zance a Google. Idan shafuka barkatai suka fito da ita, ka san abin da za a sayar maka. Google ba ya hukunta mutum don wannan kawai, amma yakan zaɓi ɗaya ya nuna, ya danne sauran, kuma da wuya sabon shiga ya zama zaɓaɓɓen. Saboda haka sai ka sake rubuta babban shafi da na kowace unguwa da kake saye a ciki: irin gidajen wurin, yadda kake biya, kwana nawa ciniki ke ɗauka, wa ke biyan kuɗin takardu. Ka sa hotonka na gaskiya da na gidajen da ka taɓa saya. Mutumin da zai miƙa maka adireshin gidansa yana son ganin fuskar wanda zai kira shi.

Shafi kuma ba ya jawo mutane da kansa. Ko dai su zo ta binciken Google, wanda kan ɗauki watanni kafin ya kankama, ko ta tallan da kake biya a Google Ads ko Facebook, wanda ke kawo su yau amma ya tsaya ranar da ka daina biya. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarin hawa saman Google cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka.

Ka buɗe shafin gwajinsu a waya, ba a kwamfuta ba, kuma da data, ba da Wi-Fi ba. Sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google da ke auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Fom ɗin ya kasance a sama, ba sai an ja ƙasa ba, kuma matakin farko kada ya wuce adireshin gida da lambar waya, ko a ƙara imel. Tambayoyin ɗaki nawa ne, akwai bashi a kan gidan, yaushe ake son sayarwa, su zo a mataki na biyu. Abin lura shi ne tsarin ya adana matakin farko ko da mutum ya gudu a na biyu. Wasu ba sa yi, sai lambar ta ɓace ba ka ma san an zo ba.

Ka cika fom ɗin da kanka ka riƙe agogo. Sanarwa ta iso ta tes cikin minti ɗaya? Ko imel ne ya faɗa akwatin tarkace? Wani bincike da mujallar Harvard Business Review ta buga a 2011 ya nuna kamfanonin da suka tuntuɓi mai nema cikin awa ɗaya sun fi waɗanda suka ƙara ko da awa guda samun magana mai ma'ana da shi kusan sau bakwai. Mai gidan da ke cikin matsi ba kai kaɗai ya cika wa fom ba.

Da yawa kuma kira za su yi, ba fom ba. Ka ba kowace hanyar talla lambar wayarta daban ta manhaja irin CallRail, in ba haka ba ba za ka san wadda ke aiki ba. Asusun Google Analytics da Search Console, masu nuna maka yawan masu ziyartar shafin da ta inda suka zo, su ma su zama naka, kai ne za ka ba kamfanin izinin shiga. Kada a manta akwatin amincewa da karɓar saƙo a ƙasan fom: a Amurka dokar TCPA ta 1991 ta tanadi diyyar dala 500 kan kowane saƙon da ya saɓa mata, har 1,500 idan da gangan ne, Tarayyar Turai kuma tana da dokar kare bayanan mutane ta GDPR tun 2018.

Alƙaluman da kamfani zai fi nuna maka su ne yawan waɗanda suka cika fom, amma ba su ne lissafi ba. A ce shafi ɗaya ya kawo mutum 40, rabinsu dillalai ne da masu tambayar farashi kawai, ciniki ɗaya ya faɗa; wani ya kawo 12, biyu suka sayar. Na biyun ya fi. Ka haɗa kuɗin wata, da na talla, da na marubuci in ka ɗauka, ka raba da yawan gidajen da ka saya ta shafin. Ka fara da biyan wata-wata, ka ba shi wata shida, kada ka sa hannu kan kwantiragin shekara sai wannan lissafin ya fito.