Laraba, ranar da muka jona amfilifayar Yaya

Amfilifayar da Yaya ya sayo a Sabon Gari ta iso gida tun shekaranjiya, amma sai yau da hantsi aka kira ni in duba ta, bayan Auta ya riga ya jona komai. Ta gwanjo ce, daga Amurka aka shigo da ita, don haka abin da na fara dubawa shi ne rubutun da ke bayanta. Wutar 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, kuma alhamdu lillahi mai shagon ya haɗa masa da taransifomar rage wuta, domin da an soka ta kai tsaye a inbata, da yanzu jaje ake yi.

Na tarar da lasifikan nan shida a jere a kan teburi ɗaya kusa da talabijin, kowace tana rera abu guda, Yaya kuwa yana kishingiɗe a kan tabarma yana murmushi. Auta ya ɗauko sautin ne daga ƙaramin ramin kwamfuta da ake soka abin ji na kunne, ya kai shi amfilifaya da wayar nan mai kai ja da fari, sannan ya danna maɓallin da ke rarraba sauti iri ɗaya ga dukkan lasifika. Wannan rami layin sauti biyu kawai yake fitarwa, hagu da dama, ko nawa aka kashe a kan abin da ke gabansa. Abin ya tsaya mini a rai, domin an sayi kayan da aka ƙera don layi shida, ana ciyar da su da biyu.

Bayan azahar na cire komai na sake. Amfilifayar tana da ramukan HDMI, wato mahaɗin da ke kai hoto da sauti a waya ɗaya, wanda ke iya ɗaukar har layi takwas na sauti ba tare da an matse shi ba, sai dai tsarin jonawar shi ne kan gaba. Idan wayar ta fara zuwa talabijin, kwamfuta za ta tambaye shi abin da yake iya karɓa, shi kuma yawanci layi biyu zai ce, ita ma sai ta tsaya a nan. Saboda haka na fito da wayar daga kwamfuta zuwa amfilifaya, na ɗauki wata daga amfilifaya zuwa talabijin. Da na buɗe saitin sauti na Windows sai ga zaɓin 5.1, wato na lasifika shida, ya bayyana, na danna gwaji, ƙarar ta riƙa fitowa daga lasifika ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan wufa, lasifikar da ke fitar da kaurin sauti. A VLC kuma, manhajar kunna fim, na kunna saitin da ke miƙa sautin fim ga amfilifaya yadda yake, ita ta warware shi da kanta, nan take rubutun Dolby Digital, tsarin sautin fim mai layi shida, ya haska a fuskarta. Akwai ramin wayar haske a bayanta ma, amma kwamfutar Yaya ba ta da irinsa, kuma ko da tana da shi, layi shida ba ya bi ta cikinsa sai an matse shi a matsayin Dolby Digital ko DTS.

Murnata ba ta daɗe ba. Mun kunna wani fim, ba a yi minti biyar ba Yaya ya tashi ya kara kunnensa a jikin ƙananan lasifikan biyu, ya juyo ya ce, "Kai, ka kashe mini waɗannan. Ɗazu duk suna magana."

Na ce, "Yaya, ba su mutu ba, lokacin aikinsu ne bai zo ba. Maganar mutane ta tsakiya ce ke ɗauke da ita, kiɗa da motsin gaba na hagu da dama ne, wufa tana jiran rugugi, waɗannan biyun kuwa nasu shi ne abin da ke faruwa a bayan mai kallo, kamar ruwan sama ko motar da ta wuce."

Ya ce, "To ni kuɗin shida na biya."

Na gane abin da yake nufi, kuma ban ga laifinsa ba, domin mutumin da ya sayar da buhunan riɗinsa ya sayi abu yana so ya ga kowane sashe nasa yana aiki. Na ce masa ya tuna makaɗan da ke zuwa hawan sallah a Ringim: mai kakaki ba ya busawa daga farko har ƙarshe, amma ba wanda zai ce a sallame shi don ya yi shiru. Sai na sa Auta ya riƙe lasifikan biyu a gefen Yaya, ɗan baya kaɗan da kafaɗunsa, inda ya kamata su zauna tun farko, na mayar da fim ɗin wurin da hadari ya taso. Da tsawar ta faɗo daga bayansa sai ya waiga wajen taga, duk da rana tana tsaka kuma damina ta wuce. Ya yi dariya, ya ce lallai akwai magana.

Abin da ya sanyaya mini jiki ya zo ne bayan la'asar, lokacin da Yaya ya ce a kunna masa abubuwan da ya saba kallo. Na buɗe finafinan Hausa da ke cikin kwamfutar, da karatuttukan da ya sauke daga YouTube, na duba bayanan sautinsu ɗaya bayan ɗaya, duk layi biyu ne. Tun 1992 Dolby Digital ya shiga gidajen sinima, amma a cikin duk abin da ke kwamfutar nan da harshenmu ban sami guda da aka haɗa don lasifika shida ba. Na yi ta tunanin yadda kasuwar Maigatari za ta kasance a fim idan an ɗauki sautinta yadda ya dace, dillalai a gaba, kukan shanu a baya, mai kallo a tsakiyarsu. Masu haɗa sautinmu ba gwaninta suka rasa ba, a ganina, sun san cewa yawancinmu a waya muke kallo.

Domin irin waɗannan na saita masa Dolby Pro Logic II, wanda ke ɗaukar layi biyu ya raba su biyar, ya tura murya tsakiya, ya bar amo a baya. Bai kai na asali ba, amma ya fi a sa lasifika shida su riƙa faɗin abu ɗaya. Yaya ya amince da hakan ga finafinai, karatu kuwa ya ce a bar masa maɓallin Auta, don Inna ta riƙa ji daga tsakar gida.

Batirin sola ya fara ƙorafi kafin magariba, muka kashe. Wayoyin lasifikan baya gajeru ne, ba za su kai inda nake so in kafa su a bango ba, don haka na auna ɗakin da igiya na ba Kawu, tunda gobe zai shiga Kano.