Abincin Kirsimeti da Ake Fara Shiryawa Tun Watan Nuwamba

Idan aka tambayi mutane abincin da suka fi ƙauna a lokacin Kirsimeti, da wuya a ji sun fara ambaton babban naman da aka kashe kuɗi mai yawa a kansa. Yawanci abin da ke fara zuwa bakinsu wani ɗan abin ƙwalama ne da ake yi a gida, wanda uwa ko kaka take kwaɓawa kwanaki ko makonni kafin ranar bikin, a rufe shi a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Na daɗe ina lura da wannan, kuma a ganina jiran da ake yi wa abincin yana cikin abin da ke sa shi daɗi, domin kusan duk abincin da ya shahara a wannan biki an tsara shi ne ta yadda ba za a iya yin sa cikin gaggawa ba.

Akwai dalilai biyu da suka haifar da hakan, kuma dukkansu sun girmi firji da kantunan zamani. Na farko shi ne yanayi. A Turai, inda yawancin waɗannan kayan zaƙi suka samo asali, watan Disamba tsakiyar hunturu ne, babu ɗanyun 'ya'yan itace a gona ko a kasuwa, sai abin da aka busar aka adana tun kaka, kamar zabibi da ɓaure da ɓawon lemu da aka dafa cikin sukari. Sukari da kirfa da kanumfari da citta kuwa daga nesa ake kawo su, tsadarsu ta sa talaka ba ya taɓa su sai a ranar da ta fi kowace rana girma. Dalili na biyu shi ne azumi. A da Kiristocin Turai suna azumtar makonnin da suka gabaci Kirsimeti, suna ƙaurace wa nama da man shanu, saboda haka duk wani abu mai maiƙo da zaƙi sai a tanade shi domin ranar da azumin zai ƙare.

Labarin burodin Stollen na birnin Dresden a Jamus ya nuna yadda azumin ya shafi girki kai tsaye. Tun ƙarni na 15 ake gasa wannan burodi, amma a farkonsa fulawa ce kawai da yis da ruwa da ɗan man girki, tunda dokar coci ta hana amfani da man shanu a kwanakin azumi. Sarakunan yankin Saxony, inda Dresden take, suka kai kukansu Roma, kuma a shekarar 1491 Fafaroma Innocent na 8 ya aiko da takardar izinin saka man shanu, da sharaɗin a riƙa biyan wani kuɗi da za a yi aikin ginin coci da shi. Daga nan burodin ya fara zama abin da aka sani a yau, mai nauyi, cike da zabibi da ɓawon lemu da ƙwayar almon. Da zarar an fito da shi daga tanda, tun yana da zafi, sai a shafe shi da narkakken man shanu a barbaɗe shi da sukari, kuma wannan shafin ba don ado kawai ake yi ba, shi ne yake rufe burodin ya hana shi bushewa a makonnin da zai yi a ajiye kafin a yanka. A shekarar 1730 sarki Augustus na Saxony, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Ƙarfi, ya sa aka gasa masa Stollen da ya kusa tan biyu domin wani taron sojoji, abin da ya fi kama da nuna isa fiye da girki.

A gidanmu abin da ake jira shi ne kek mai busassun 'ya'yan itace, irin wanda ya yaɗu daga Ingila zuwa ƙasashe da yawa, kuma shi ne na fi sanin sirrinsa. A Ingila akwai al'adar kwaɓa ɗan'uwansa, wato fudin na Kirsimeti wanda ake turarawa maimakon gasawa, a ranar Lahadi ta ƙarshe kafin a shiga makonni huɗu na shirin bikin, kowa a gidan ya karɓi cokali ya juya kwaɓin sau ɗaya, har da jariri idan an riƙe masa hannu. Wasu suna jefa tsabar kuɗin azurfa a ciki, wanda ya tsince ta a rabonsa a ce shekara za ta yi masa kyau. Ni dai kek ɗin da ake gasawa na fi so, kuma abin da ke sa ya daɗe bai lalace ba abu ne mai sauƙin fahimta. Busassun 'ya'yan itace da sukari suna da yawa a cikinsa har sun rinjayi fulawa, sukari kuma yana riƙe ruwa ya hana ƙwayoyin cuta da fumfuna samun danshin da suke bukata. Shi ya sa kek mai laushi na yau da kullum yake lalacewa cikin 'yan kwanaki, wannan kuwa sai ƙara daɗi yake yi.

Aikin yana farawa ne da jiƙa zabibi da sauran 'ya'yan itacen kwana ɗaya aƙalla kafin kwaɓi, domin idan aka zuba su a bushe za su tsotse ruwan kwaɓin su bar kek ɗin yana marmashewa. Turawa da yawa da barasa suke jiƙawa, suna kuma ci gaba da ɗiga ta a kan kek ɗin mako-mako, amma ruwan lemu ko baƙin shayi mai kauri suna yin aikin jiƙon sosai, sai dai kek ɗin da aka yi da su ba ya daɗewa kamar wancan, don haka ya fi kyau a gasa shi kusa da bikin ko a ajiye shi a firji. Wuta ma tana bukatar haƙuri, domin ana gasa shi ne a zafi kaɗan, wajen digiri 150 a ma'aunin Celsius, na tsawon sa'o'i uku zuwa huɗu gwargwadon girmansa, a kuma naɗe gwangwanin da takarda mai kauri saboda kada gefe ya ƙone alhali tsakiya ba ta nuna ba. Wanda ya ƙara wuta don ya gama da wuri zai fito da abu baƙi a waje, ɗanye a ciki. Ranar gashin gidan duka yana ɗaukar ƙamshin kirfa da kanumfari, yara kuma suna zarya a ƙofar kicin alhali sun san ko ɗanɗano ba za a ba su ba sai bayan makonni.

Abin da ake ba yaran su rage zafin jira shi ne biskit mai citta, wanda suke yanka shi da hannunsu a siffar tauraro ko mutum. Birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna da irin nasa mai zuma, da ake kira Lebkuchen, tun ƙarnonin da yake mahaɗar hanyoyin fatauci, kayan ƙamshi suna ratsawa ta cikinsa, dazuzzukan kewayensa kuma cike da masu kiwon ƙudan zuma. Ko wannan biskit ɗin ma kwaɓinsa ya fi kyau idan ya kwana, kuma zuma tana jawo danshi daga iska, shi ya sa wanda ya fito da tauri yake yin laushi bayan kwanaki a cikin rufaffen gwangwani. Kada a damu da karkatattun taurarin da yaro ya yanka, su ne ake fara cinyewa.

Wani nau'in abincin kuma ba lokaci kaɗai yake ci ba, hannaye masu yawa yake bukata. A Benezuwela ana yin hallaca, wato kwaɓin masara da ake shimfiɗawa a kan ganyen ayaba, a zuba haɗin nama da zabibi da zaitun, a naɗe a ɗaure da zare a dafa. Ba a yin guda biyar ko goma, ana yin masu yawa ne da za su kai iyali har sabuwar shekara a kuma aika wa maƙwabta, don haka dole dangi su taru a raba aiki, wannan yana wanke ganye, wancan yana shimfiɗa kwaɓi, wata tana zuba haɗi, wanda ya fi kowa iya ƙulli yana can ƙarshen layi. Mutanen Mekziko ma haka suke taruwa domin yin tamales a cikin ɓawon masara. Abin da ya burge ni a nan shi ne cewa ranar haɗa abincin ta zama biki mai zaman kanta, wani lokaci ma ta fi ranar cin armashi, domin a wurin ne ake hira ta gaskiya, kaka tana gyara wa jika naɗi, gwaggo tana ba da labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da yadda kowannensu yake son nasa haɗin.

Inda azumin bai gushe ba, ɗanɗanon ranar ya fi fitowa fili. Kiristocin Orthodox na Habasha suna yin Kirsimetinsu a ranar 7 ga Janairu bayan azumin kwana 43 ba nama ba madara ba ƙwai, sannan su buɗe baki da doro wat, miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai wadda albasarta kaɗai take ɗaukar sa'o'i tana narkewa a wuta, a ci da injera, wato gurasar ƙasar. Kiristoci Kibɗawa na Masar su ma a wannan rana suke biki, da fatta, haɗin shinkafa da gasasshen gurasa da romon nama da tafarnuwa. A Poland kuwa babban cin abincin a daren jajibere ake yin sa, ba a saka nama, ana jera abinci kala 12 daidai da adadin almajiran Yesu, ba a kuma zama sai an hango tauraro na farko a sama, aikin da ake ɗora wa yara. Suna barin gurbi ɗaya da faranti babu kowa saboda baƙon da ka iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Game da talotalo, wanda hotuna suka mayar da shi sarkin teburin Kirsimeti, ra'ayina bai kai na masu yabonsa ba. Tsuntsu ne na nahiyar Amurka da ya shigo Turai a ƙarni na 16, kuma ya daɗe kafin ya ture dinya daga teburin talakawan Ingila. Amfaninsa shi ne girma, guda ɗaya yana ciyar da taro, amma ƙirjinsa yana rigan cinyoyinsa nuna, kafin waɗannan su yi wancan ya bushe. Mai son ya yi shi lafiya, idan daskararre ya saya, sai ya bar shi ya narke a cikin firji, wajen kwana ɗaya ga kowane kilo biyu, ya kuma tabbatar zafin cikin naman ya kai digiri 74 kafin ya sauke. Ban taɓa jin wanda ya girma yana kewar talotalon mahaifiyarsa ba, abin da ake kewa shi ne romon da ta haɗa da ɗan abin da ta cusa a cikinsa.

Duk da haka ba zan ce abin da aka saya ba ya zama al'adar gida ba. A Japan, inda Kiristoci 'yan ƙalilan ne, tallan da kamfanin KFC ya ƙaddamar a shekarar 1974 ya sa soyayyar kaza ta zama abincin Kirsimeti, har iyalai suna yin oda makonni kafin ranar, kuma yaron da ya tashi a haka kewarsa ta gaskiya ce. Italiyawa ma galibinsu sayen panettone suke yi, domin burodi ne mai wahala da ke ɗaukar kwanaki yana tashi, wanda dole a rataye shi kai ƙasa bayan gashi don kada ya rufta saboda laushinsa. Kuma akwai gaskiyar da masu yabon girkin gida ba su cika faɗa ba, wato a gidaje da yawa mace ɗaya ce take ɗaukar nauyin aikin nan duka, ta kwana a tsaye, ta zauna cin abinci bayan kowa ya ƙoshi. Idan haka za a yi, gara a rage kalolin abincin zuwa biyu ko uku da kowa zai sa hannu a ciki, a sayi sauran ba tare da jin kunya ba.

Abin da nake ganin ya cancanci a riƙe a gida shi ne wanda ke ɗauke da wani ɗan wasa ko sa hannun iyalin, wanda kanti ba zai iya sayarwa ba. A Denmak ana cin risalamande a daren jajibere, shinkafa ce da aka dafa da madara aka gauraya da kirim da yankakken almon, sai a ɓoye ƙwayar almon guda ɗaya cikakkiya a cikin kwanon, wanda ya same ta yana da kyauta. Masu wayo sukan ɓoye ta a kumatu su yi shiru, domin sauran su ci gaba da ƙari suna nema har kwanon ya ƙare. Kayan haɗin nan ba su da tsada, kuma kowane gida yana da ɗan bambancin da yake alfahari da shi.

Matsalar irin wannan bambancin ita ce yawanci ba a rubuce yake ba. Kaka ba ta auna fulawa da sikeli, da tafin hannu da ido take aunawa, idan aka tambaye ta adadin sukari sai ta ce a zuba daidai. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a tsaya kusa da ita ranar kwaɓi da sikeli da takarda, duk abin da ta ɗebo a auna shi kafin ya shiga kwano, a rubuta har da yanayin kaurin kwaɓin da launin da take jira ta gani kafin ta sauke. Za ta yi mita cewa ana ɓata mata lokaci, kuma tana iya ƙara wani abu a ɓoye idan aka juya baya, don haka aikin yana bukatar mutum biyu, ɗaya yana rubutu ɗaya yana kallon hannunta.