Fijo 504 bayan shekara 11 a rumfa: ba injin ya ci ni ba, tanki ne

Motar 504 ce haɗin Kaduna, mai injin fetur lita 2 da kafireto, irin waɗanda masana'antar Fijo ta Kakuri ta cika ƙasar nan da su bayan ta fara aiki a 1975. Shekara 11 ta yi a ƙarƙashin rumfar kwano a Tudun Wada, nan Gusau, ba wanda ya ko murɗa mata makulli. Da ƙafarta ta shiga rumfar, ba lalacewa ta yi aka ajiye ta ba. Yanzu tana zuwa Kwatarkwashi ta dawo allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Amma aikin da na yanka wa kwana 10 sai da ya ci mako 5, kuma duk a kan abu ɗaya da na raina, wato ƙasan tankin mai.

Ɓangaren injin ban yi masa garaje ba. Ban haɗa batir ba sai a kwana na shida. Fulogin 504 a can cikin rami suke, kowanne da bututunsa, kuma ƙurar hunturu ta shekara 11 ta taru a ciki har ta zama kamar ƙasar gini. In ka kwance fulogi ba ka busa ramin ba, duk wannan ƙasar kan fistin za ta zuba. Da famfon keke da siririn tiyo na busa su. A gidan filtar iska kuwa ɓeraye sun yi rumbu, gero da ɓawon gyaɗa cike, ga zanzaro ya gina ɗaki a maƙogwaron kafireto. Duk wanda ya buga kik kai tsaye a irin wannan hali, laka da tsaba zai ɗura wa injinsa.

Kowace silinda na zuba mata kamar cokali 2 na jan man giya gauraye da kalanzir, rabi da rabi. A nan akwai abin lura: injin 504 a kishingiɗe yake, kwance da digiri 45, saboda haka in ka tsiyaya man kawai, gefe ɗaya zai gangara ya bar saman ringi a bushe. Da sirinji da ɗan tiyo na fesa shi sama. Kwana 4 na bari yana jiƙa, sannan na sa soket da dogon hannu a notin fulin gaba. Ba a danne shi da ƙarfi. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Da ya yi zagaye biyu cikakku ba inda ya cije, na buɗe murfin sama, na kwarara baƙin mai a kan rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, na bi kowane bawul ina danna shi da ƙotar guduma ina ganin ya dawo da kansa. Duka 8 sun dawo. A riƙe wannan, don zan komo kansa: ranar nan bawul ɗina 8 lafiyarsu lau.

Sauran sanannen aiki ne. Tsohon baƙin mai ya fita, sabo lita 4 mai lamba 20W-50 ya shiga da sabuwar filta. Kwantak, wato ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya samu wuta, na goge da takardar yashi mai laushi na saita shi a 0.4 na milimita, fulogi sababbi a 0.6. Kafireto na wargaza na wanke, robar famfon mai ta bushe ta tsage na canja, tiyoyin lagireto da fambel ma haka. Kafin in mayar da fulogi, na rufe ramukan da tsumma na riƙa buga kik na daƙiƙa 10, in huta, in sake, har fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod. Sannan na ba ta fetur daga galan, ta tiyon da na haɗa kai tsaye da famfon mai. A bugu na uku ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar na ɗan lokaci, man da na zuba a silinda yana ƙonewa, daga nan ta daidaita tana wannan sassanyan kukan da duk wanda ya taso a zamanin tasi ƴar Fijo ya sani.

To a nan ne na yi wautar.

Tankin na riga na zuƙe shi. Abin da ya fito bai kai lita 3 ba, launin baƙin shayi, warinsa kamar tsohon fenti. Da na ga tiyo ya daina kawo komai sai na ce ai ya ƙare. Sauke tanki aikin rabin yini ne, notoci sun yi tsatsa, ga rana, ga injin yana ta kuka mai daɗi a kunnena. Na zuba sabon fetur lita 15, na sa sabuwar filta a hanya, na ce ko da datti ai ita za ta tare. Ta yi minti 40 tana aiki da man tanki, har na zaga da ita cikin layi. Na kashe na tafi gida ina jin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Da safe na buga kik. Wani ƙas! ya fito daga saman injin, ta yi tari ta kafireto, ta kama da silinda biyu tana karkarwa kamar mai masassara. Da na buɗe murfin sama, bawul biyu na shigar mai sun tsaya cak, sandunan da ke tura rokokinsu sun lanƙwashe. Ɗaya ta fita daga mazauninta gaba ɗaya tana kwance a gefe.

Abin da ya faru shi ne wannan. Fetur in ya daɗe, sassan nan masu sauƙi sai su tashi, su bar wani danƙo mai kama da ƙaro manne a ƙasan tanki. Zuƙa ba ta fitar da shi, don ba ruwa ba ne. Sabon fetur kuma shi ne babban mai narkar da shi. Da ya narke ya zama ɗaya da man, filta ba ta ganin sa, tsatsa da yashi take tarewa. Haka ya wuce kafireto ya shafe ƙafar bawul. Muddin injin da zafi danƙon na da laushi, komai na tafiya, shi ya sa ta ruɗe ni minti 40. Da dare ya yi ƙarfen ya huce, sai ya daskare ya riƙe bawul a cikin hanyarsa. Kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana tura sandunan, ba ruwansa, zai tura dai, kuma abin da ya fi rauni a tsakani shi ne sandar. Bawul ɗin da na gwada ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ni da kaina na liƙe su.

Na gwada fesa tina, wato ruwan narkar da fenti, a ƙafar bawul ina bubbugawa a hankali. Ɗaya ya saki, ɗayan ya ƙi, sauran biyun na shigar mai ma suna dawowa da nauyi. Dole kan silinda ya sauka.

A nan ma saura ƙiris garin gyaran gira in rasa ido. Kan silinda na sauka, sai na miƙa hannu zan juya injin in duba bangon silinda, sai dattijon bakaniken da na ɗauko ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam, wannan ba Toyota ba ce. Ka juya ta yanzu, sai mun sauke injin nan ƙasa." Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silib ne ake zurawa, ruwan lagireto na zagaya shi kai tsaye, a ƙasansa akwai siririn gasket da ke raba ruwa da baƙin mai, kuma kan silinda ne kaɗai ke danne shi. In ka juya babu kai, fistin zai ɗago silib, gasket ɗin ya tashi aiki, bayan ka gama ɗaure komai ka tarar da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Shi ya sa ko wajen cire kan ba a fizgar sa sama, girgiza shi ake ta gefe har ya rabu. Da manyan washa da guntayen bututu muka danne silib ɗin, muka ɗaure da notocin kan, sannan muka juya. Fistin ba wanda ya ji ciwo, wannan kam Allah ne ya kiyaye.

Bawul huɗun sai da muka jiƙa su a tina kwana guda. Ƙafarsu ta yi ja-ja tana kama yatsa kamar an tsoma ta a zuma. Sanduna kuwa duka 8 na mirgina a kan gilashi, sai ga ta uku ita ma da ɗan lanƙwasa wanda ido bai nuna ba. Kada a yarda da mai cewa zai miƙe ta da guduma, ta riga ta yi rauni. Samun su da gasket ɗin kai mai kyau ne ya cinye makonnin, sai da aka aiko mini daga Ƙofar Ruwa a Kano. Wajen mayarwa, daga tsakiya ake fara ɗaure notoci a fita waje, da sifana mai awo, sannan a saita bawul injin na sanyi: milimita 0.10 na shigar mai, 0.25 na fitar hayaƙi.

Sai tankin, wanda tun farko rabin yini kawai ya nema. Da muka sauke shi muka haska ciki, danƙon ya kai kaurin tsabar kuɗi, ya shimfiɗe ƙasan gaba ɗaya. Tina lita 4 da tafin hannu biyu na tsofaffin notoci muka zuba, mutum biyu suna jijjiga shi, a zubar a sake, sau 3, sannan muka ɗauraye da fetur muka shanya shi a inuwa nesa da masu shan taba da mai walda. Bututun da ya taho daga tanki zuwa gaba ma sai da muka ɗura masa tina muka busa. Kafireto da famfon mai da na wanke fes a farko, na sake wanke su, don danƙon ya bi ta cikinsu.

Da na bar ta a kan galan har sai tanki ya sauka, da ko murfin sama ban sake buɗewa ba.

Birki da kuloci nasu labarin daban ne, robobinsu duk sun tafi. Yanzu saura kilomita kamar 300 ta cika 1,000 tun da aka mayar da kan silinda, in sake ɗaure notocin kai in duba bawul. Filtar fetur da ke kanta ta uku ce, ƴar roba mai nuna ciki. Duk Juma'a nakan cire ta in ɗaga ta a rana, in sunsuna.