Jan biron Malam da ƙuri'ar matan baƙar fata a Amurka

Da nake rubuta kundin digirina na biyu a kimiyyar siyasa, batun da na ɗauka shi ne fitowar matan baƙar fata zaɓe a Amurka. Babin farko na cika shi da alƙaluma. A zaɓen 2008 da na 2012 babu rukunin da ya kai su fitowa, ko fararen maza ko fararen mata, kuma a 2012 kusan kashi 70 cikin ɗari ne suka kaɗa ƙuri'a. Sai na kawo dalilina da ƙarfin gwiwa: ai Obama ne, ɗan'uwansu suka fito wa.

Malam ya zagaye jimlar da jan biro, ya turo min takardar, ya ce, "To a Alabama a 2017, wa suka fito wa? Je ki duba ki dawo."

Na je na duba. Doug Jones ne, ɗan takarar sanata na jam'iyyar Democrat, Bature fari sol, kuma wajen kashi 98 na matan baƙar fata da suka yi zaɓen shi suka ba. A da shi ne lauyan gwamnatin da ya gurfanar da 'yan Ku Klux Klan biyu, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙar fata, kan bam ɗin cocin Birmingham na 1963, wanda ya kashe 'yan mata huɗu. Ashe waɗannan matan suna riƙe da lissafi, ba launin fata suke bi ba. Kunya ta kama ni, don ni ma mace ce, amma na ɗauka son zuciya kawai ke kai mata rumfar zaɓe.

Daga nan na bar alƙaluma na koma tarihi, kuma a kan Fannie Lou Hamer, wata baƙar fata mai fafutukar 'yancin zaɓe, na fi daɗewa. A takarda matan Amurka sun samu 'yancin zaɓe tun 1920, amma a 1962 wannan baiwar Allah, tana da shekara 44, ta je Indianola a jihar Mississippi yin rajista aka tare ta da jarrabawa kan kundin tsarin mulkin jihar. Da ta koma gida, mai gonar audugar da ta shekara 18 tana yi wa aiki ya kore ta. Shekara ta zagayo aka lakaɗa mata duka a gidan yarin Winona, dukan da ya taɓa mata ƙoda. Dokar kare haƙƙin zaɓe ba ta zo ba sai 1965. Ina karantawa ina tuna Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha a zamanin NEPU, da kuma kakata, wadda sai a 1979 ta fara zaɓen shugaban ƙasa tana da 'ya'ya manya.

Abin da ya fi buɗe min ido shi ne yadda fitowar ke da aiki a bayanta. Akwai coci-coci da ke tanadar motoci ranar Lahadi, ana tashi daga ibada a kwashi jama'a zuwa kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe. Akwai masu bin gida-gida da takardun rajista. Stacey Abrams, baƙar fata 'yar jam'iyyar Democrat, ta faɗi takarar gwamnan Jojiya a 2018 da ƙuri'a wajen 55,000, ba ta koma ɗaki ta naɗe hannu ba, ta ci gaba da wannan aikin. A 2020 Biden ya ci jihar da ratar da ba ta kai 12,000 ba.

Babi na huɗu ne ya fi ba ni wuya, don a nan na ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Carol Moseley Braun ce mace baƙar fata ta farko da ta shiga majalisar dattawa, bayan zaɓen 1992, kuma har zuwa zaɓen 2024 babu jihar da ta taɓa zaɓar mace baƙar fata gwamna. Na rubuta cewa jam'iyyar Democrat, wadda suka fi zaɓa, na cin guminsu. Malam ya sake ɗauko biron, ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta a gefe: "Kawo hujja." Wata biyu na yi a kan shafi uku.