Ruwan farko ba shi ne damina ba: abin da aikin auna ruwa ya koya mana

Abu na farko da aikin auna ruwan sama ke koya wa malamin gona shi ne jimillar ruwan shekara ba ta faɗin yadda amfanin gona zai kasance. Kano takan samu wajen milimita 800, Maraɗi kusan 500, amma gero yana yi a duka biyun. Abin da ke kashe shuka shi ne ratar da ke tsakanin ruwa da ruwa, musamman a makonnin farko da lokacin da hatsi ke fitar da kai.

Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun tsayar da ƙa'ida: damina ta kankama idan bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana 30 masu zuwa. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai rabinta na biyu ba ya tabbata sai bayan wata guda, manomi kuwa ba zai zauna jira ba. Shi ya sa a aikace ake haɗa ma'auni da tono. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan murabba'in mita. A jigawa, milimita 20 kan jiƙa ƙasa zurfin kusan taƙi ɗaya. A tona da hannu washegari da safe, a dunƙula ƙasar ƙasan ramin. In ta haɗu, akwai laima. In saman ne kawai ya yi duhu, ƙasan yana marmashi, yayyafin bazara ne: iri zai tsiro, rana ta ƙone shi cikin kwana kaɗan, a koma neman wani irin da tsada.

Binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yana da irin wannan haɗari. Ruwa kaɗan ya isa ya ta da ƙwaya, bai isa ya raya ta ba. Gero yakan jure, gyaɗa da masara ba sa yafewa. Kada a zuba iri duka a shukar farko, a ajiye na maimaici.

Taki ma a nan ake asararsa. Yuriya a busasshiyar ƙasa tana tashi a iska ko ta ƙone saiwa. A jira laima, a binne ta gefen shuka. A inda ruwa ke da ƙaranci, gram 6 na NPK a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemo, ya fi watsawa a gona duka. A ƙasar da ta yi fako kuwa, ƙananan ramuka na tassa da ramuka masu siffar rabin wata, irin na yankin Tawa, suna tare ruwan da zai gudu.

Hasashen damina da NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon shekara, da na cibiyar yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai, na yanki ne, ba na gona ɗaya ba. Ƙauye biyu masu nisan kilomita goma, ɗaya ya sha ruwa, ɗaya ƙura. Amfanin hasashen yana wajen zaɓen iri: in an ce damina za ta makara ko ta ɗauke da wuri, a koma ga gero mai saurin nuna kamar SOSAT da waken kwana 60 zuwa 70, a rage filin maiwa da dawa mai daɗewa.