Daga South Kensington zuwa Wimbledon: Bin Sawun Rigar Matan Ingila

Da hantsi muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da ɗiyar wana wadda take karatu a Landan, muka sauka a tashar South Kensington, inda tafiya kaɗan ta kai mu gidan tarihi na Victoria da Albert. An kafa gidan a 1852, aka raɗa masa wannan suna a 1899, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Da yake ɗinkin kayan mata ne sana'ata, ban ɓata lokaci a wurin gumaka da tangaran ba, sai na nufi ɓangaren tufafi kai tsaye, domin abin da ya kawo ni shi ne in ga yadda aka yanka rigar da matan Ingila suke wuni da ita a zamanin da.

A ƙarni na 18, mace takan fara sa doguwar rigar ciki ta lilin, sannan ta ɗora wata rigar matsi marar hannu wadda ta kama daga ƙirji zuwa ƙugu, a zarge ta da igiya. Na daɗe a gaban ɗaya daga cikinsu ina kallo ta bayan gilashi. An jera layukan ɗinki kusa da kusa tun daga sama har ƙasa, kuma tsakanin kowane layi biyu an zura siririn tsinke da aka tsago daga wani abu mai kama da ƙaho da ake cirowa a bakin ƙatuwar dabbar teku, wel. Da hannu aka yi duk wannan aiki, domin keken ɗinki bai bazu ba sai bayan tsakiyar ƙarni na 19, kuma yawancin masu sana'ar maza ne saboda ƙarfin da yankan tsinken da soka allura suke bukata. Duk wanda ya taɓa yin ɗinkin hannu ya san cewa daidaita layuka haka ba aikin koyo ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarancin kayan talakawa. Matan gona da masu wanki da barorin gida su ma suna sa rigar matsi, wasu ta fata mai arha, su ɗora gajeriyar riga sakakkiya wadda ake naɗewa a gaba, a ɗaure da ƙyallen aiki. Irin waɗannan ba su cika kaiwa zamaninmu ba, domin ana sa su har su mutu, a yanka wa yara, ragowar tsumman kuma a sayar wa masu yin takarda. Saboda haka mai ziyara yana ganin siliki da yawa, alhali matan da suka fi kowa lanƙwasa jiki da ɗaga hannu kusan babu rigarsu a wurin.

Da muka matsa zuwa kayan ƙarni na 19, sai na ga matsin ya ƙaru. Tun daga shekarun 1820 aka fara sa zoben ƙarfe a ramukan igiya, abin da ya ba da damar a ja ta da ƙarfi ba tare da yadin ya yage ba. Ita kuma rigar sama, wadda ake sawa da siket, an yi mata shafi da tsinkaye, an ɗame ta a jiki. Ɗiyar wana ta ga na sunkuya ina leƙen wata riga ta shekarun 1840, sai ta ce, "Gwaggo, me kike nema a hammata haka?" Na nuna mata cewa an sauko da ɗinkin kafaɗa har kan damtse, an kuma ƙuntata hannun, ta yadda mai rigar ba za ta iya ɗaga hannunta sama sosai ba. A wurina, wannan ɗinki na hammata shi ne ya fi ƙugu muhimmanci a labarin tufafin wasannin motsa jiki, ko da yake ƙugun aka fi magana a kai.

Sauƙi ya fara shigowa wajen 1880, lokacin da rigar sama ta saƙar ulu mai miƙewa ta zama abin yayi, masu wasan tanis kuma suka karɓe ta domin tana bin motsin jiki. A 1881 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai neman a sassauta suturar mata, ƙarƙashin jagorancin Lady Harberton, wadda ta nemi kada nauyin kayan ciki na mace ya wuce kimanin kilo 3. Keken hawa mai ƙafafu kusan daidai da juna, wanda John Kemp Starley ya fitar a Coventry a 1885, ya ƙara tilasta wa teloli su sake tunani.

Bayan azahar muka hau layin District zuwa Southfields, muka taka a ƙasa kamar minti goma sha biyar ta cikin unguwa mai bishiyoyi har titin Church Road, inda filin gasar tanis ta Wimbledon da gidan tarihinsa suke. An fara gasar a 1877 ga maza kaɗai, mata kuwa sai a 1884, shekarar da Maud Watson ta doke 'yar'uwarta Lilian a wasan ƙarshe. Kayan matan wancan lokaci da na gani ba su da wani bambanci da rigar fita unguwa, in ban da fari da aka zaɓa domin ya ɓoye zufa: dogon hannu, wuya a rufe, siket har idon sawu, rigar matsi a ciki, da hular kaba a ka. Yawancin mata a lokacin ta ƙasa suke buga ƙwallon farko, kuma bayan abin da na gani da safe ban yi mamaki ba.

Lottie Dod ta lashe gasar a 1887 tana da shekara 15, kuma ƙuruciyarta ta sa aka bar ta da siket da bai kai na manya tsawo ba, abin da ya ba ta damar gudu. May Sutton ta Amurka, wadda ta yi nasara a 1905, ta naɗe hannun rigarta a fili, har aka yi ta surutu a kai. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin da Elizabeth Ryan, ita ma 'yar wasa ce, ta bayar, cewa a ɗakunan sauya kaya akan shanya rigunan matsi bayan wasa, kuma da yawansu da jini a jiki saboda tsinkayen sun soki masu su. Waɗannan mata ba su daina wasa ba suna jiran a yi musu riga ta musamman. Da rigar yau da kullum suka shiga fili, suna rage mata tsawo da nauyi kaɗan-kaɗan, teloli suna biye da su a baya.

A 1919 Suzanne Lenglen ta Faransa, mai shekara 20, ta fito da riga mai gajeren hannu wadda ta tsaya a ƙwauri, ba rigar matsi a ciki. Ta kara da Dorothea Lambert Chambers, mai shekara 40, wadda ta riga ta lashe gasar sau bakwai kuma ta zo cikin doguwar shiga irin ta da. Wasan ya yi zafi ƙwarai, a gaban Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary, kuma Lenglen ta ci da 10-8, 4-6, 9-7 bayan ta tsallake rijiya da baya sau biyu. Daga baya mai tsara tufafi Jean Patou na Faris ya riƙa ɗinka mata kayan wasa. A tsohon fili na Worple Road aka yi wancan wasa, kuma cinkoson 'yan kallo, wanda farin jinin Lenglen ya ƙara, yana cikin dalilan da suka sa aka ƙaura zuwa Church Road a 1922.